Yadda ake duba littattafan yara a aji mai cunkoso

Ka ɗauki littafin lissafi na ɗan aji huɗu a firamaren gwamnati, irin namu na nan gefen Kano, ka buɗe tsakiya. Abin da za ka fi tararwa shi ne layin jan biro guda ɗaya da aka ja daga ƙasan shafi zuwa sama, sai kwanan wata, sai sa hannun malami. A ƙarƙashin jan layin nan yaro ya rubuta 52 − 27 = 35, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Shi a ganinsa ya ci, tunda malam ya sa ja. Gobe haka zai yi, baɗi ma haka, har ya kai aji shida, sannan a fara cewa yaran yanzu kansu ba ya ja.

Ni malamin aji huɗu ne, kuma sababbin malaman da ake turo mana, da masu zuwa koyarwar gwaji daga kwalejin ilimi, yawanci wurina hedimasta yake ajiye su. Abin da nake faɗa musu a gindin darbejiya in an tashi tara shi ne na rubuta a nan. Duba littafi koyarwa ce, ta yaro ɗaya tak, kuma a aji mai cunkoso sau da yawa ita kaɗai ce damar da yaro yake samu malam ya ji da shi shi kaɗai. Ba a gama ta ba sai yaron ya gyara kurensa da hannunsa, kai kuma ka koma ka ga gyaran.

Na san abin da za a ce, ai yaran sun yi yawa. Gaskiya ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Tun shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, zuwa na ilimin matakin farko ga kowa (UBE) da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, zuwa ilimi kyauta kuma dole da Kano ta shelanta a 2019, yara sai ƙaruwa suke yi a makaranta, abin farin ciki ne kuwa, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Malamin da ke da yara 90, in ya ba kowane littafi minti ɗaya kacal, awa ɗaya da rabi ke nan a kan darasi guda, ga shi yana da darasi biyar ko shida a rana. Ba mai iya wannan. Saboda haka duk abin da zan faɗa an gina shi ne a kan cewa ba za ka duba komai ba. Za ka duba kaɗan, amma dubawa ta gaskiya.

Rage aikin tun daga allo

Sabon malami yana son ya ga allo ya cika. Ya zuba tambaya ashirin, yara su yi ta kwafa har a buga ƙararrawa, a tara masa littattafai tsibi guda a kan tebur. Shi kansa ya san tsibin nan ba zai dubu ba. Ka ba da biyar, amma ka zaɓe su tun da dare, kowace da abin da za ta tono maka. In ɗebewa ake yi, ta farko ta zama marar aro, kamar 58 − 23. Ta biyu mai aro, 52 − 27. Ta uku mai sifili a sama, 70 − 46. Ta huɗu mai gida uku, 400 − 168. Ta biyar ta zo a labari: an aiki Ladi da naira 500, ta sayo kayan miya na 350, nawa za ta mayar wa inna? Yaron da ya ci ta farko ya faɗi ta biyu, ka riga ka san ciwonsa kafin ka kai ƙasan shafi.

Kada ka zauna yayin da suke aiki. Ɗauki jan bironka ka shiga cikinsu. In a ƙasa suke zaune, ka jera su sahu-sahu a bar maka hanya biyu ta wucewa. Tambaya ɗaya kawai za ka riƙa leƙawa, wadda ka san a nan ake zamewa. Da ka ga kure iri ɗaya a littafi biyar ko shida, tafa hannu, kowa ya ajiye fensir, a koma allo. Kuren da ka tare yana ɗanye ya fi sauƙin cirewa a kan wanda ya kwana.

Sauran aikin kuma ka raba ajin gida biyar. Kullum gida ɗaya za ka karɓi littattafansu ka duba da kanka, layi-layi. A aji mai 90, littafi 18 ke nan, abin da za ka gama kafin a dawo daga tara ko bayan an tashi. Kada su san ranar wane gida ce, don kowa ya yi aikinsa, amma kai ka tabbata mako bai ƙare ba sai kowane yaro ya biyo ta hannunka. Sauran gida huɗun su yi musayar littattafai, a warware tambayoyin tare a kan allo, su duba wa juna da fensir. A miƙa littafi ya tsallake mutum biyu, don aboki ba ya kayar da aboki. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ba manita jan biro ya yi wa aji maki. Yaro ne shi ma. Manyan aji za su tsorata shi, masu gyaɗa za su saye shi, kuma ko ya yi adalci bai san dalilin kure ba, alhali dalilin ake nema.

Lissafi: nemo inda ƙafa ta zame

Mu koma kan 35 ɗin nan. Yaron ba daƙiƙi ba ne, doka yake bi. Tun aji ɗaya aka gaya masa ba a ɗebe babba daga ƙarami. Ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, sai ya juya su ya ce bakwai a ɗebe biyu saura biyar, biyar a ɗebe biyu saura uku. Ka duba tambaya ta huɗu, za ka ga 400 − 168 ya ba shi 368, ta hanya guda. In ka zabga masa kuros ka wuce, abin da ya koya kawai shi ne ya faɗi. Dokar tana nan a kansa.

Maganinsa yana cikin tsintsiya. Ina ajiye tsinkayen tsintsiya a aljihun tebur, an ɗaure su goma-goma da kyauro, ga kuma warwara. Sai in kira yaron in ajiye masa ɗauri biyar da warwara biyu.

"Nawa ne nan?"

"Hamsin da biyu, malam."

"To, ba ni bakwai."

Zai dubi warwarar ya ce, "Malam, biyu ne kawai." Kada ka taimake shi. Ka ce, "To, yaya za a yi? Ni dai bakwai nake so." Zai yi shiru, ya dubi 'yan'uwansa, ya sosa ƙeya, can sai ka ga hannunsa ya tafi kan ɗauri ɗaya ya zare kyauron. Da ya zare, aro ya shiga kansa ke nan. Yanzu ɗauri huɗu ne da warwara sha biyu. Sai a lokacin za ka ɗauki alli ka soke 5 ka rubuta 4, ka sa 1 a gefen 2, ya ga abin da hannunsa ya yi shi ne a rubuce. Murfin kwalba da ƙwallon dabino suna aiki wajen ƙirga, amma wajen aro tsinke ya fi, don shi ne ake ɗaurewa a kwance.

Wani kuma zai kawo maka 47 + 38 = 715. Ka lura, bai yi kuskuren tarawa ba. Bakwai da takwas sha biyar, daidai. Huɗu da uku bakwai, daidai. Gidajen lamba ne bai sani ba, bai san goman da ke cikin sha biyar ƙaura take yi zuwa gidan goma-goma ba. Irin wannan nakan fara da tambayarsa, "Audu, kana da naira 47, kawunka ya ƙara maka 38, yanzu kana da ɗari bakwai ke nan?" Dariya zai yi, don a kuɗi ba a cutarsa. Daga nan ka koya wa ajin duka su riƙa kintace kafin su fara: hamsin da arba'in wajen casa'in, to amsa tana nan kusa. Kintacen nan shi ke ceto wanda ya raba 618 gida shida ya sami 13. Mutum shida suka raba ɗari shida, kowa ai ɗari zai tashi da ita, ina sifilin tsakiya ya tafi? Haka wanda ka ce ya rubuta ɗari biyu da biyar ya rubuta 2005. Yadda ya ji haka ya rubuta, 200 sannan 5. Zana masa gida uku a littafi, na ɗari, na goma, na ɗaya, ka ce kowane gida mutum ɗaya yake ɗauka.

Akwai kuma wanda hanyarsa daidai take tun daga sama har ƙasa, amma ya ce bakwai sau takwas 54. Wannan ba ya bukatar tsinke, hadda yake bukata. Ni ina cikin masu kare haddar jadawalin sau, ko da wasu na ganin tsohon yayi ce. Yaron da sai ya zana sanduna hamsin da shida a bayan littafi kafin ya san bakwai sau takwas ba zai taɓa kai wa ga rabawa mai tsawo ba, lokaci zai ƙare masa. Minti biyar kowace safiya ya isa. Sai dai kada ka tsaya a rerawa ta taro, domin a cikin amshi rabin aji baki kawai suke motsawa. Bayan an rera, nuna mutum ɗaya ka jefa masa daga tsakiya, shida sau tara, ba tare da ya faro daga shida sau ɗaya ba.

Wajen sa alama, ka zagaye ainihin lambar da aka zame a kanta, kada ka soke aikin duka. Wanda ya bi hanya daidai ya kuskure a ƙarshe, ba shi rabin maki, ka kuma gaya masa dalili. Ba na karɓar amsa tsirara, sai da aikin da ya haife ta, ko da a gefen shafi ne. Ta nan ake gane mai kwafa, kuma ta nan ake gane yaron da ke da tasa dabarar. Yarinyar da ke tallan awara ba ta ɗebe 350 daga 500 yadda muke yi a allo. Cikawa take yi, hamsin ya zama ɗari huɗu, ɗari ya zama ɗari biyar, canji ɗari da hamsin. Hanya ce ingantacciya, a ba ta makinta cikakke, sannan a nuna mata ta allo a matsayin ta biyu.

Tambayar labari kuwa, in da Turanci aka rubuta ta yaro ya faɗi, kada ka yi saurin cewa lissafi ne bai iya ba. Karanta masa da Hausa. In ya ba ka amsa nan take, matsalarsa karatu ce, sai ka rubuta hakan. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi a azuzuwan farko, kuma duk wanda ya tsaya gaban 'yan aji biyu ya san dalili.

Shifta da ƙa'idojin rubutu

Iyayenmu da suka yi firamare a hannun malamai masu tsohuwar shaidar koyarwa ta Gireti Tu ba su manta da shifta ba. Malam ya faɗa, kai ka rubuta, ba allo ba littafi. Yau an bar ta a makarantu da yawa, aka koma kwafar allo zalla, shi ya sa za ka ga littafi tsaf, rubutu kamar na ɗab'i, ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka ce yaro ya karanta, ya yi tsuru-tsuru. Zane ya yi, ba rubutu ba. Ka dawo da shifta. Kalma goma a mako, a koyar da su Litinin, a riƙa taɓa su kullum, a gwada ranar Juma'a kafin a tashi. Kalmomin kuma daga littattafan yaran za ka tsamo su, waɗanda ka ga suna ta kuskurewa.

A Hausa, wurin farko da za ka sa ido shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yaro yana furta su daidai, a rubutu ne yake yar da lanƙwasar. Rubuta masa "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", "fada" da "faɗa", ka sa ya karanta da ƙarfi, ya sa kowace a jimla. In ya rubuta "mun yi baki a gidanmu", karanta masa yadda ya rubuta, ajin zai fashe da dariya, shi ma zai yi, kuma da wuya ya sake. Yanzu ga rubutun waya ya shigo. Yaro ya ga yayansa yana rubuta "xan xo", yana sa q a madadin ƙ, sai ya kawo maka haka a littafi. Ba na zagin waya, amma nakan gaya musu littafin makaranta yana da tasa doka. Dokar nan kuwa ba jiya aka yi ta ba. Masana sun zauna a kanta a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Ɗan bambancin da ya rage, kamar 'y da muke rubutawa su kuma suna rubuta ƴ, bai hana kowa karanta na kowa ba.

Wuri na biyu, wanda manya ma suke faɗawa, shi ne raba kalma da haɗe ta. "Yana", "suna", "yake", "yakan" a haɗe suke. "Za su", "za mu", "za ta" a rabe, amma "zan" da "zai" a haɗe. "Shi ne" da "ita ce" kalma biyu-biyu ne. "Littafinsa" da "jakarta" a haɗe, amma "na gan shi" da "ya ba ni" a rabe. "A kan tebur" daban, "akan yi ruwa a Agusta" daban. Kada ka zuba musu waɗannan a rana ɗaya. Doka ɗaya a mako, a rubuta ta a kwali a manna a bango, kuma a makon nan ita kaɗai za ka farauta a littattafansu. Alamomina ba su da yawa, kuma tun makon farko na zango nake koya musu: tsayayyen layi a inda ya kamata a raba, ɗan baka a ƙasa a inda ya kamata a haɗe, layi a ƙarƙashin kalmar da aka kuskure, da'ira a inda aya ko babban baƙi ya ɓace.

Kure uku a shafi, kada ka wuce. Na san hannu yana ƙaiƙayi in ka ga goma sha biyar, amma shafin da ya koma ja wur yaro rufe shi yake yi, wani ma ya yage shi kafin ya isa gida. Zaɓi ukun da ka riga ka koyar. Mai ƙoƙari ka ja masa layi kawai ya nemo daidai da kansa. Mai rauni ka rubuta masa kalmar a gefe da rubutu mai kyau. Ya sake rubuta ta sau uku, ya kuma sa ta a jimla ɗaya tasa. Masu cewa a rubuta sau ashirin su tsaya su kalli yadda yara ke yi: sai su jero harafin farko daga sama har ƙasa, su dawo su jero na biyu, su gama shafi ba su karanta kalmar ko sau ɗaya ba.

Turanci ma haka ne, sai dai kurakuransa na ɗan Bahaushe sanannu ne. P da f suna rikiɗa, b da v haka, sannan yaro yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu don bakinsa bai saba da haɗuwarsu ba, ya rubuta "sukul" maimakon "school". Wanda ya rubuta "fiful" maimakon "people" a shifta ya kuskure, amma ya saurara, ya kuma san aikin baƙi da wasali. Ya fi wanda ya bar layin fari nesa ba kusa ba, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinka kafin ka gyara masa.

Masu barin layi fari su ne babban nauyin. A kowane aji huɗu akwai yaran da ba su gama sanin baƙaƙe ba, an dai yi ta ciyar da su gaba. Jan biro ba ya yi musu komai. Ware su rabin awa a rana, ko kafin a shiga aji, ka koma da su baƙi da wasali, ba, bi, bu, sannan gaɓa biyu, sannan gajeriyar kalma. Wannan shi ne tsarin koyar da yaro daidai matakinsa da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, wanda aka gwada a Borno da wasu ƙananan hukumomin Kano. Ba sai an turo ka bita kafin ka fara ba. Takarda ɗaya mai baƙaƙe, kalmomi da ɗan sakin layi ta isa ka san matakin kowa.

Gyara

A tsangaya, gardi ba ya wanke allonsa sai ya kai darasu. Alaramma ya bi rubutun, ya tsaya a kan wasalin da ya kauce, a gyara a gabansa, sannan a ci gaba. Iyayen yaranmu sun san wannan tsari sarai, mu ne a boko muka sake shi. Minti goma na farkon darasi na gyara ne. Yaro ya rubuta "Gyara" a ƙarƙashin aikin jiya, ya sake yin abin da ya faɗi kaɗai. Wanda ya cinye duka ka zaunar da shi kusa da wanda bai ci ba ya yi masa bayani, da sharaɗin fensir yana hannun mai gyaran. In littafi ya sake zuwa hannunka, gyaran za ka fara dubawa kafin sabon aiki. Da yara sun gane kana komawa baya, za su ɗauki abin da gaske. In sun gane ba ka komawa, cikin mako biyu za su daina.

Ka sayi ƙaramin littafi naka na kanka. Kowane yaro layi ɗaya ko biyu: wance, aro, wane, gidajen lamba da ƙ, wane, bai kai gaɓa ba tukuna. Minti biyu ne bayan ka gama duba na ranar. Daga littafin nan darasin gobe yake fitowa, daga nan kalmomin shifta suke fitowa.

Bulala kuma a ajiye ta a kan maganar kure. Yaron da ake duka don ya faɗi lissafi ba lissafi yake koya ba, wurin zama yake canzawa ya koma kusa da mai ƙoƙari. Daga ranar littafinsa zai yi kyau, kai kuma ka daina ganin abin da ke kansa.

Allonka da makinka

In ka ga kure iri ɗaya a littafi talatin, harafi ɗaya a wuri ɗaya, juya ka dubi allo. Sau da yawa daga can aka kwafo shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, aka yi yajin aiki, kuma har yau in malamai suka haɗu maganar tana tayar da jijiyar wuya. Ko wane ɓangare mutum yake, darasin da ya shafe mu a aji ɗaya ne. Warware tambayoyinka a takarda kafin ka shiga. Kalmar da kake shakka, duba ƙamus ko ka tambayi na kusa da kai. In ka gama rubutu a allo, koma bayan aji ka karanta shi daga can, ka kuma ga ko na sahun ƙarshe yana iya gani. In abokin aiki ya leƙo ya nuna maka kure, yi masa godiya a gaban yaran. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai maganar maki na ƙarshen zango. Na san ana zama rana ɗaya a cike gurbin gwaje-gwajen zango da ka, a ba mai shiru sha biyar, mai surutu goma. Na kuma san a wasu makarantun kuɗi ana matsa wa malami kada yaro ya sami ƙasa da saba'in don kada uba ya cire shi. Duka biyun cin amana ne. Uban da aka ba katin sakamako mai kyau shekara shida, ya zo ranar jarrabawar shiga sakandare ya tarar ɗansa ba ya iya karanta tambaya, ba abin da zai iya yi a lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya. Makin shiftar Juma'a da na littattafan da ka duba da hannunka su ne makin zango, rubuta su a ranar da ka ba da su. A gurbin ra'ayin malami kuma ka bar "ya ƙara ƙoƙari". Rubuta abin da za a iya aiki da shi: ya iya tarawa da ɗebewa, saura jadawalin sau daga shida zuwa tara.

Ga iyaye

Ba sai kun yi boko ba kafin ku duba littafin yaro. Ranar Asabar a ce ya kawo jakarsa. A buɗe daga baya, a ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. In ya kai mako biyu, akwai magana. A duba ko bayan jan akwai wurin da yaron ya sake aikin. A ɗora yatsa a kan layi ɗaya a ce ya karanta, sannan ya faɗa da bakinsa me ake nufi. Uwa tana iya aikensa da ɗari biyar ta ce kafin ya fita ya faɗi canjin da zai dawo da shi, in ya dawo ya rubuta lissafin a takarda. In akwai yaya ko ɗan maƙwabta da ke sakandare, ya yi masa shiftar kalma biyar. A kuma raba masa littattafai, na lissafi daban na rubutu daban, domin littafi ɗaya da aka cusa darasi shida a ciki ba malamin da zai iya bin sawunsa.

In za ku zo makaranta, ku zo da littafin a hannu, ku nemi malamin ajin kafin ku nemi hedimasta. Ku ce, "Malam, ga abin da muka gani, me za mu riƙa yi masa a gida?" Malamin da ke duba aiki zai buɗe ɗan littafinsa ya ba ku amsa a take. In abin ya faskara, akwai kwamitin makaranta na unguwa da taron iyaye da malamai, a kai maganar can, a kuma haɗa da ta yawan yara a aji, don ita ce ke hana malamai da dama yin abin da suka san ya kamata.

Kai kuma malam, in shekara ta ƙare kada ɗan littafin nan ya tafi gida da kai. Kai wa malamin aji biyar, ku zauna rabin awa ku bi sunayen tare, ka nuna masa waɗanda har yanzu suke juya lamba wajen aro da waɗanda suka tsaya a gaɓa biyu, don ya fara da su tun makon farko na sabon zango.